Makullin da Auta Ta Ƙi Buɗewa

Mai Agogo ba ya manta lamba, a faɗarsa ke nan. Amma lambar wayar Dogo, amininsa na ƙuruciya da suka daɗe da rabuwa, ƙarshenta ya ɓace masa ɓat. Ga shi kuma ya ji ƙishin-ƙishin Dogo na kwance ba lafiya.

Yana cikin gyaran wani agogon bango a shagonsa dabara ta faɗo masa. Ai manhajar hira tana nuna hoton duk wanda ka adana lambarsa! Ya ture agogon gefe ya hau adana lambobi, yana canza ƙarshen ɗaya bayan ɗaya, kowace ya sa mata Dogo. Har murmushi yake, yana yaba wa kansa basira.

Fuskoki suka soma fitowa, wata mata da jariri, wata yarinya cikin kayan makaranta, babu Dogo babu dalilinsa. Can sai manhajar ta ce ta dakatar da neman abokai a wayarsa, don ta ga alamar laluben lambobin mutane.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya kira Auta, 'yarsa da ke aiki a kamfanin manhajar, ya zazzage mata komai.

"Abin naku ya mai da ni ɓarawo! Gaya wa manyanku su buɗe min."

Ta yi dariya har da tari. "Baba, ba ruwan manyana. Ni na haɗa makullin nan."

"To shi ke nan, buɗe."

"Ka yi haƙuri, Baba, ba zan buɗe ba. Abin nan da ka yi, shi masu bibiyar mata ke yi. Su jera lambobi, su ga fuska, su ga suna, gobe sai ga su a ƙofar gida. Na'ura ba ta san zuciyarka ba."

"Ke ai kin sani!"

"Na sani. Amma in na buɗe wa babana yau, gobe wani a ofis zai buɗe wa abokinsa. Yarinyar nan da ka ce ka gani, ita ma tana da uba."

Mai Agogo, wanda ba a cinye shi a gardama, yau ya sha kaye. Kunya ta rufe shi. Auta ta ce ranar hutunta za ta zo su je tsohon garejin su Dogo su tambaya da baki.

Ya zauna yana goge lambobin. Tela maƙwabcinsa, da ya ji komai ta bangon katako, ya leƙo.

"Ta buɗe?"

"Wa? Auta?" Ya gyara zaman tabarau, bakinsa har kunne. "Ba ka san 'yata ba. Duk ƙasar nan ita ke gadin ƙofar. Ni da na haife ta ma ta hana ni shiga!"