Gajeren Fasin Cikin Marka

Ƙarfe uku na rana ce a gida, biyar na yamma a Doha, lokacin da Sagiru ya jingina wayarsa da tukunyar shinkafa a tsakiyar ɗaki ya ce kowa ya matso. Ɗakin a hawa na uku yake a unguwar Mansura, gadaje huɗu masu hawa biyu, sai na'urar sanyaya ɗaki da ke ta tari kamar tsohon mashayin taba. Juma'a ce, ranar hutu, sauran 'yan ɗakin duk sun fita shan iska. Mutum uku ne suka zagaye wayar: Sagiru direba, da Ɗalhatu mai gadi, sai Hafiz mai karatun digiri na biyu, wanda ya taso takanas daga unguwar Madinat Khalifa don kada a yi ba shi.

Kwalejin Ilimi ta Rafin Kuka ce ta haɗa su ukun. Sagiru ya shige ta ya fito ba takarda, Hafiz ya fito da tasa. Ɗalhatu kuwa shekara tara ya yi yana horar da ƙungiyar ƙwallon kwalejin, kafin wani ejan ya ce masa akwai aiki a filin ƙwallo a Qatar. Ejan bai yi ƙarya ba, filin ƙwallon ne. Ƙofarsa aka ba shi ya tsare.

Wasan da ƙungiyar kwalejin za ta buga yau shi ne zai fitar da wanda zai je gasar kwalejoji ta ƙasa. Shugaban kwalejin ya riga ya gaya wa Sunusi, tsohon mataimakin Ɗalhatu da ya gaje shi, magana biyu. In an ci, za a ƙaro babban mai horarwa, kuma Sunusi ne zai kawo suna. In aka sha kashi, shi ma Sunusin ya tattara nasa ya nasa. Sunan Ɗalhatu Sunusi zai kawo, amma Ɗalhatu bai faɗa wa kowa wannan ba. Shekara biyar ke nan yana tsayuwar awa goma sha biyu a bakin ƙofa, ƙafafunsa sun fara kumbura, 'yarsa Zulfa ta shiga sakandare ba ya nan. Wasan nan ne hanyarsa ta komawa gida, kuma ba shi da wata.

Akwai abu na biyu da ya ɓoye. Tsarin da yaran za su buga yau nasa ne, tun daga tushe. Daga inda yake tsayawa yana hango filin atisaye, inda Turawan masu horarwa ke koyar da wasan da ya tafi da hankalinsa. Gola ba ya doka ƙwallo sama. Miƙa wa ɗan baya yake yi, ɗan baya ya ba na tsakiya, gajeren fasin bayan gajeren fasin, har abokin hamayya ya gaji da bi. Ɗalhatu ya cika littafi guda da zane. Wata huɗu yana tura wa Sunusi saƙon murya kullum bayan tashi daga aiki, shi kuma Sunusi, bawan Allah, bai taɓa ba shi amsar da ta wuce “To, Koci” ba.

“Yalla, ku matso, ga hoton ya kawo,” in ji Sagiru.

Wani ɗalibi ne ke haska wasan kai tsaye da wayarsa, hoton sai rawa yake yi. Da farko Ɗalhatu ya zaci rashin kyawun sabis ne ya sa komai ya yi dishi-dishi. Sai ya ga lema. Ya ga 'yan kallo sun rufa da buhuna.

“Kai! Ruwa ake yi?” Sagiru ya ce. “Wannan ai gonar shinkafa ce, ba fili ba.”

Ɗalhatu ya ɗago kai. Ya waiwaya ya dubi taga, sama fari fat da zafi, ko gajimare ɗaya babu. Watan Agusta! Ya san watan sarai, kullum da safe yana rubuta kwanan wata a rajistar ƙofa. Amma shekara biyar Agusta tana zuwar masa da zufa da iska mai ƙuna, har jikinsa ya manta cewa a gida lokacin marka ne, ruwa kwana uku ba tsayawa. Nan take ya tuna saƙon da Sunusi ya turo ranar Talata, a hankali, kamar mai neman afuwa: “Koci, filin nan fa ya ɗan sha ruwa.” Shi kuma da farin ciki ya amsa: “Madalla, jiƙaƙƙen fili ya fi gudu.” Abin da ya gani a ransa lokacin shi ne famfunan da ke feshe ciyawar Doha kafin a fara wasa don ƙwallo ta yi santsi.

Filin da ya yi shekara tara a kai ne fa. Ya san kwarin da ke gaban ragar gabas, inda ruwa ke taruwa har agwagin ma'aikata su yi wanka. Da bakinsa ya sha gaya wa gololi cewa da damina kada ƙwallo ta yi daƙiƙa biyu a wurin.

A minti na goma sha ɗaya golansu ya miƙa wa ɗan baya ƙwallo a ƙasa, daidai yadda aka koya masa. Ta yi tafiyar taku uku ta zauna a ruwa. Ɗan gaban abokan hamayya bai ma yi gudu ba, ya zo ya ɗauka ya jefa a raga.

Sagiru ya miƙe tsaye har kansa ya daki gadon sama. “Wane irin koci ne wannan? Ka doka ta sama mana! Ka doka ta ta faɗa masallaci in ta ga dama!”

“Ka zauna, Sagiru,” in ji Hafiz, yana gyara tabarau. “Sistem ɗin daidai ne, haka duniya take bugawa yanzu. Matsalar 'yan gaba ce, ba sa saukowa su karɓa.”

“Su sauko ina? Da kwalekwale?”

“Ni dai shiri nake ganin bai yi ba. Ya kamata tun farkon mako su yi tirenin a cikin ruwan, su ga yadda abin yake.”

“Malam, ka ji da karatunka. Wanda ya taso a Rafin Kuka ba sai ya yi tirenin zai san ruwa yana jiƙa ba. Ni wallahi Sunusin nan bidiyo ya kalla ya haukace.” Sagiru ya juyo wajen Ɗalhatu. “Koci, kai ka yi shiru. Yaronka ne fa. Haka ka koya masa?”

Ɗalhatu ya ce, “A bari a gani.”

Kafin hutun rabin lokaci an ƙara musu ta biyu, kusan irin ta farko. Ɗalhatu ya ce zai zaga, ya fita baranda cikin zafin da ke shaƙe mutum, ya kira Sunusi. Wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ya sake kira sau shida. Ya naɗi saƙo: “Sunusi, ka watsar da komai. Ku buga ta sama, ku sa dogon yaron nan a gaba. Don girman Allah ka manta da abin da na ce.” Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Ai shi ne ya koya wa Sunusi tun yana mataimaki cewa mai horarwa na ƙwarai ba ya riƙe waya a bakin fili.

Da ya dawo ya tarar ana gardamar wa ya kamata a cire. Hafiz na lissafa sunaye, Sagiru na cewa a cire su duka har da direban bas ɗinsu. Aka dawo wasa, ba abin da ya canja. Yaran sun yi baƙi ƙirin da taɓo, suna ta ƙoƙarin ba wa juna gajeren fasin, ƙwallo na tsayawa a tsakaninsu kamar jakin da ya ƙi tafiya.

Ta ukun ce ta karya shi. Wani ɗan baya ya samu ƙwallo a cikin taɓo, mutum biyu sun nufo shi. Ya ɗaga ƙafa zai narka ta gaba, duk wanda ke kallo ya ga haka. Sai ya tsaya, ya waiwayi benci. Kafin ya juyo an ƙwace an ci.

“Me yake kallo?” Sagiru ya yi ihu. “Izini yake nema?”

Izinin yake nema. Ɗalhatu ne ya kafa dokar a saƙonsa na mako na biyu: duk wanda ya doka ƙwallo sama a tirenin zai zagaya fili sau goma. Wata huɗu ana cire wa yaran abin da kowane ɗan unguwa ya sani tun yana buga ƙwallon tsumma, kuma an cire shi tas.

“Ni ne,” in ji Ɗalhatu.

Ba su ji ba, sai da ya maimaita. “Ku daina zagin Sunusi. Ni na tsara. Daga nan na tura masa, shi bin umarni kawai ya yi. Ya ce mini an yi ruwa, na ce masa madalla.”

Hafiz ya cire tabarau ya shiga goge shi da gefen riga. Sagiru, wanda bakinsa bai huta ba tun ƙarfe biyar, ya juyo ya dubi Ɗalhatu. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Amma cewa kawai ya yi, “Haba, Koci,” a hankali, ya koma ya zauna. Haka suka kalli ragowar minti ashirin ɗin, har ɗalibin da ke haskawa ya gaji ya kashe tun alƙalin wasa bai hura tashi ba.

Bayan sun dawo daga magariba Hafiz ya yi sallama ya tafi kama jirgin ƙasa. Sagiru ya zuba wa Ɗalhatu shinkafa ya ajiye masa a gefen gado. “Khalas, ya wuce,” ya ce. Ɗalhatu bai taɓa ba. Kunya da baƙin ciki sun cika masa ciki, kuma ya sani sarai ba abin da ya wuce. Ƙarfe shida na safe motar kamfani za ta zo, gobe da jibi da baɗi.

Wayarsa ta yi ƙara. Sunusi ne. Ya fita baranda ya ɗauka, yana jin saukar ruwa a kan kwano ta cikin wayar.

“Koci, yanzu na ga saƙonka. Ka yi haƙuri.”

“Ni zan ba ka haƙuri, Sunusi. Ni na kai ka na baro.”

“A'a, Koci, tsarin yana da kyau. Filinmu ne ba shi da kyau. Shugaba bai ma jira Litinin ba. A bakin fili ya ce in miƙa makullin sito. Na ce masa dabarata ce ni kaɗai, sunanka bai fito ba.”

Ɗalhatu ya dafa ƙarfen baranda, zafinsa ya sa ya janye hannu. Sunusi na da 'ya'ya huɗu, na ƙarshen sunan Ɗalhatu aka sa masa.

“Koci, kana jina?”

“Ina jin ka.”

“Dama wata alfarma zan nema. A wurin naku, har yanzu suna ɗaukar masu gadi?”

Ɗalhatu ya rufe ido. Ya so ya ce masa a'a, ya so ya ce kada ka kuskura. Amma ba shi da wani abin da zai ba shi a madadin haka.

“Suna ɗauka,” ya ce. “Yaya gwiwar nan taka? Za ka iya tsayuwa?”

“Zan iya, Koci.”

“To, ka turo mini hoton fasfo ɗinka.”