Darasin da Amin Ta Binne

Malamar lissafi tana tsaye a ofishin malamai, tana jan allon waya da babban yatsa, tana neman bidiyon darasin da ta tura da safe. Gobe jarrabawa, kuma rabin ajinta ba su iya rabawa ba. Saboda su ta buɗe zauren tura saƙonni a waya. Da yake yaran ba su da waya, lambobin iyayensu ta saka.

Bidiyon ya nutse. Bayansa akwai "ina kwana" iri-iri, da hoton fure, da tallan zannuwan gado daga wata uwar 'yan biyu, sai sanarwar rasuwar surukin wani direba, da ta'aziyyar da ba ta da ranar ƙarewa.

Ta kulle zauren, ya zama ita kaɗai ke iya rubutu. Shayinta bai huce ba shugaban makaranta ya leƙo.

"Malama, ke kika toshe wa iyaye baki?"

"Ranka ya daɗe, aji ne, ba gidan biki ba."

"Direban nan ya kira ni. Ya ce ana tsakiyar yi masa gaisuwa kika rufe ƙofa. Wai ke ba a mutuwa a gidanku?"

"Ɗansa bai san bakwai sau takwas ba."

"Wannan bai hana gaisuwa ba. Buɗe."

Ta buɗe. Malamin tarihi, da ke gefe yana goge tabarau, ya ce, "Ba ki san mutanenki ba. Sa addu'a a ƙasa. Ba mai tsallake addu'a."

Ta sake tura bidiyon, ta rubuta: "Allah ya ba yaranmu sa'a gobe. Don Allah a nuna musu wannan."

Amin ta fara zubowa. Kowa a kan bidiyon yake amsawa, har hoton bidiyon ya cika zauren. Malamin tarihi ya ce a biya shi ladan shawara.

Washegari, kafin a raba takardu, ta tsaya gaban allo.

"Wa ya kalli bidiyon?"

Ɗan direban nan kaɗai ya ɗaga hannu.

"Yauwa! Me ka koya?"

"Ban kalla ba, Malama. Baba ne ya ce in faɗa miki amin. Kuma ya ce ya yafe miki."

Ta dubi agogon bango, ta dubi yaron. Sannan ta ɗauki alli.