Kaset Ashirin na Zubaida

Karimatu ta baje takardu a kan tebur a flat ɗinsu na unguwar Barking, can ƙasar waje. Tarihin Talabijin Tsauni take rubutawa don project ɗinta na jami'a, tashar da mahaifinta, Malam Maharazu, ya yi wa aiki a Najeriya.

"Baba, na jera komai," ta ce. "Gwamnatin jiha ta kafa ta, ɗan kwangila ya saya, sannan kamfanin Legas ya haɗe ta da tashoshinsa. Amma shirye-shiryen farko babu ko ɗaya. Har na Mama na girke-girke, wai an yi wiping, an goge su."

Maharazu ya ƙura wa kofin shayinsa ido. Shekara talatin yana zagin mutanen Legas son ransa, wai su suka kashe Hausa a tashar. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, da suka ce a ɗora shirye-shiryensu a kan tsofaffin kaset, shi suka miƙa wa makullin ɗakin ajiya. Don neman shiga wurin sababbin iyayen gida, ko tantancewa bai tsaya yi ba. Kaset ashirin na marigayiya Zubaida, matarsa, duk wasan kokawa ya hau kansu.

"Muryarta kawai nake son ji," in ji Karimatu. "Wane marar imani ne ya yi wannan? Wallahi sai na sa sunansa."

Ya ajiye kofin, bai ɗago kai ba.

"Ɗauki biro," ya ce. "Sunan nan ne da kike rubutawa kullum bayan naki."