Gurbin Igiya

Auta ya ɗiga maganin daskarwa a cikin gwangwanin gam, ya hau juyawa da tsinke kamar wanda ake kora. Minti ashirin gare shi kafin gam ɗin ya zama dutse, da zafin rana irin na yau ma ba lallai ya kai hakan ba. Jirgin kamun kifin mahaifinsa na girke a kan tsofaffin tayoyi a tsakar gida, ya cinye wurin shanya, ya tare hanyar banɗaki. Wata huɗu ke nan matarsa tana ratsawa ta gefensa a karkace, da bokiti a hannu.

Jirgin faiba ne, robar nan mai tauri, ya girmi Auta da kaɗan. Ranar da aka jawo shi daga bakin ruwa ƙasansa a tsage yake, katakon ciki ya ruɓe har yatsa na nutsewa. Auta makaniken mota ne, jirgi bai san kansa ba, amma ya nace ya koya a waya. Ya yanke ruɓa, ya shimfiɗa ƙyallen faiba falle kan falle, ya goge da samfefa har jikinsa ya yi kwanaki yana ƙaiƙayi. Abu ɗaya ya rage yana tsone masa ido: wasu gurabe uku a bakin jirgin ta hannun dama, baƙaƙe, masu zurfin yatsa, sun ɓata masa layi. Su yake cikewa yanzu.

"A hankali, kar ka huda gwangwanin," in ji matarsa daga ƙofar kicin. "Yaya ta kira, ta ce ta kusa."

Auta ya san da zuwan. Tun da aka ɗauko Baba daga gidansa na bakin ruwa idonsa ya tafi, tunaninsa kuma yana zuwa yana komawa. Ya juya fuska bango, abinci sai an yi da gaske. Yaya, babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta yanke hukunci: yau za ta tafi da shi gidanta, can hawa na uku, inda za ta sa masa ido. Auta ya tabbata in Baba ya hau benen nan ba zai sauko da ƙafarsa ba. Abin da ya roƙa kawai, a bari tsohon ya taɓa jirginsa tukuna. In ya farfaɗo, a bar shi nan.

Ya cike guraben, ya lulluɓe su da leda, ya shafe da gefen hannu suka yi sumul. Bai gama goge yatsunsa ba ya ji ƙarar mota a waje.

"Kai dai ba ka gajiya," in ji Yaya tana toshe hanci da mayafi. "Ka mai da gidan mutane tashar jirgi. Ina jakarsa?"

"Yaya, kin yi alkawari."

"Na yi. Fito da shi, rana na yi."

Shi da Yaya suka riƙo Baba, ba nauyi ko kaɗan. Auta ya ɗora tafin tsohon a kan sabon fenti. Hannun ya tsaya, sannan ya fara tafiya da kansa, ya bi bakin jirgin kamar mai neman makunnin fitila a ɗakinsa. Ya iso kan ledar. Ya wuce, ya dawo, ya sake lalubawa.

"Na wane ne?"

"Naka ne, Baba. Shi na gyara maka."

"A'a." Ya janye hannunsa. "Nawa da gurabe. Nan igiyar raga ke bi, nan ta anka mai tsayar da jirgi, nan nake kafa babban yatsa in igiyar ruwa ta taso. Ku mai da ni ɗaki."

Auta ya dubi ledar. Shekara arba'in igiya tana cin wurin nan, shi kuma ya shafe shi cikin minti biyar don layi ya miƙe. Kunya ta kama shi, da haushin kansa.

Ya fizge ledar, ya wawuri cizal, ƙarfen sassaƙa. Gam ɗin ya ɗau zafi, ya yi tauri kamar sabulu. Na farko ya ɓamɓaro ɗungurungum. Na biyu sai da ya danna da ƙirji. Ya waiga ya ga har Yaya da Baba sun kai bakin ƙofa.

"Baba, tsaya ka huta," ya ji Yaya tana cewa, ba ta ko kalli ƙanenta ba. "Takalminka ya cire, bari in gyara maka."

Takalmin nan lafiyarsa ƙalau, amma ta durƙusa ta daɗe a kansa.

Na uku ya riga ya kama. Auta ya ɗauko guduma, ya buga, ya sake bugawa. Fentin da ya yi mako yana lallaɓawa ya dare, ya ɓarje yatsansa, bai tsaya ba. Da ya ga baƙin tsohon gurbin ya bayyana, ya hure ƙurar, ya je ya kamo hannun mahaifinsa.

"Sau ɗaya, Baba. Don Allah."

Babban yatsan ya faɗa gurbinsa. Baba ya danna wurin. Sai ya ɗaga ƙafa yana neman hawa, suka tallafe shi ya zauna a kan bencin baya, ya miƙe wuya. Matar Auta ta miƙo kwanon abinci a hankali, ya karɓa ya aza a cinya ba tare da an roƙe shi ba. Yaya ta dubi jakar da ke bakin ƙofa, ta ɗauke ta, ta shige da ita ɗaki.

"Kai ne mai gyaran?" in ji Baba, ya juyo wajen da yake jin numfashin Auta.

"Ni ne."

"Hannunka da kyau, sai dai gaggawa." Ya shafa gurbin. "Ina da ɗa, shi ma aikin hannu yake, na mota. Tsoron ruwa gare shi. Bai taɓa shiga jirgin nan ba, ko sau ɗaya."

Auta ya ajiye gudumar. Ya cire takalmansa, ya dafa bakin jirgin, ya haura.

"Matsa tsakiya," in ji Baba, "kar ka kifar da mu."