Tashin Injin Baba

Injin yankan ƙarfen da Baba ya bari ya tsaya ne ranar da tsohuwar kwamfutarsa ta yi tari ta saki hayaƙi. Shi injin lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya jin maganar kowa sai ta wata tsohuwar manhaja, ita kuma manhajar ba ta zama a sabuwar kwamfuta. Yaya, babban ɗan gidan, ko kunyar nuna murnarsa bai ji ba. Ya tsani injin nan tun yana saurayi, lokacin da Baba ke sa shi sharar garin ƙarfe har yatsunsa su tsattsage, kuma dama yana son shagon ya jibge tayoyin da yake sayarwa. Ya kira masu fasa ƙarfe su zo da guduma.

Auta, ƙanwarsa, ta ce sam. Ita a gindin injin nan ta girma, a nan Baba ya fara ɗora hannunta kan madannai. Ta roƙi Yaya ya yi mata alkawari cewa in injin ya motsa kafin mutanen su iso, a bar shi. Ya ce ya yarda, irin yardar wanda ya tabbata ba za a yi ba.

Dabararta ita ce ta yaudari manhajar. A cikin kwamfutarta ta hannu ta gina wata kwamfutar ta ƙarya. Babbar manhajar da ke tafiyar da komai ta gutsuri ƙwaƙwalwa kaɗan ta ware mata, ta ba ta kwafin faifan tsohuwar kwamfutar Baba, ta miƙa mata wayar da ke zuwa injin. In tsohuwar manhaja ta farka, sai ta ga komai yadda ta saba, kamar tsohuwar da aka kai sabon gida aka jera mata kayan ɗakinta. Abin haushin, tsohuwa ba ta san gaggawa ba. Sai ta ƙirga ƙwaƙwalwarta tsaf, ta laluba faifai, ta kira wayoyinta ɗaya bayan ɗaya.

Tana cikin wannan lalube masu fasa ƙarfe suka shigo, ƙarti biyu da guduma a kafaɗa. Auta ta nuna wa Yaya allon, ta ce ga shi tana tashi. Ya ce a kan motsi ya yi alkawari, ba a kan rubutu ba. Ya ɗaga wa mutanen kai, ɗayansu ya sauke guduma a kan akwatin maɓallan da ke gefe. Jan maɓallin tsayarwa ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci.

Auta ta haye teburin injin ta kwanta rub da ciki, ta rungume kan injin da ke yin yankan. Masu guduma suka ja da baya, don ba a ɗauko su fasa mutum ba. Yaya kuwa idonsa ya rufe. Ya fizgi ƙafarta, ta shure shi a ƙirji. Ya zabga mata mari har leɓenta ya fashe, ya shaƙo wuyan rigarta yana jijjiga ta, kanta na bugun ƙarfe. Ta gartsa masa cizo a babban yatsa. Kunya ta kama ƙartin nan, ɗaya yana cewa ya yi haƙuri, 'yar'uwarsa ce fa, amma ba wanda ya matso. Yaya ya dafa layin dogon da kan injin ke bi, ya tattaro ƙarfinsa ya wurgo ta ƙasa.

A daidai nan tsohuwar manhaja ta gama lalube ta sami injinta. Umarninta na farko kullum shi ne kan yanka ya koma kusurwarsa. Kan ya zabura a guje, ya tafi da hannun Yaya, ya matse shi da bangon ƙarfe. Ƙarar karyewar ƙashin ta riga ihunsa fita.

Auta ta rarrafa ta finciko babbar wayar wuta daga bango. Injin ya yi shiru, amma birkinsa ya kulle, bai saki ba. Jini na bin layin dogo yana ɗiga a takalmin Yaya. Ƙartin suka kama kan suka ja, ko gezau. Ta san in ta mayar da wuta, manhajar za ta sake tura kan gaba ne.

"Auta," in ji Yaya, muryarsa kamar ta yaro. "Don Allah."

Ta tsane shi a lokacin nan, tsana ta gaske, kuma ba ta daina kuka ba. Ta karɓi guduma a hannun ƙaton da ya fi kusa. Ta san inda haƙoran birkin suke, Baba ya sha nuna mata yana zuba musu mai. Bugun farko ya zame. Ta gyara tsayuwa ta ci gaba da dukansa har gidan birkin ya tarwatse, kan ya saki, Yaya ya sulale ƙasa.

Maƙwabta suka kwashe shi zuwa asibiti. Auta ta zauna a kan benci tana tofar da jini. Babban cikin ƙartin ya daɗe yana murza hularsa kafin ya tambaye ta ko su tafi ne, tunda ai injin ya motsa, kowa ya gani.

Ta dubi gidan birkin, wanda aka daina ƙera irinsa tun kafin a haife ta.

"Ku ƙarasa fasa shi," ta ce.