Kalar Iya Tasalla

Alkama 'yar sanyi ce, shi kuwa sanyin Kazaure ya koyi rowa. Ya zo a makare, ya tafi da wuri, zafi ya riski zangarniya ba ta cika ba, ƙwaya ta motse. Abin da ya hana Zulaikha, ma'aikaciyar binciken iri, sukuni ke nan shekara da shekaru.

Bana ta ga haske. A gonar gwajinta ta bakin dam, hanyar Roni, ta yanki ɗan ganye daga kowane tushe ta aika ɗakin bincike. Can ake karanta alamomin gado da ke cikin tsiro, a gane wanda ya gaji jure zafi da cika ƙwaya. Cikin dubban tushe, 'yan kaɗan ne suka haɗa biyun, kuma babu irinsu a ko'ina.

Da girbi ya zo ta sa aka yanke sauran aka kwashe, ta bar zaɓaɓɓun a tsaye su ƙarasa bushewa. Ta ɗaura musu jan zare, ta ja wa mai gadi kunne kan awaki. Awaki kam ba su shiga ba.

Ta dawo daga wani taro a Kano ta tarar da gona fayau. Mai gadi ya rantse ɓarawo bai zo ba, tsofaffi ne kawai suka shiga kala, tsintar abin da masu girbi suka bari. Shi kuma bai taɓa jin inda aka hana tsohuwa kala a gonar da aka gama girbewa ba.

Zulaikha ta nufi gidan Iya Tasalla, wadda aka ce ita ta fi samu, tana addu'ar ko cikin tafin hannu guda ya tsira. Tana shiga ta ga taliya shanye a kan igiya. Tsohuwa ta yi ta sa mata albarka, wai ba ta taɓa ganin mai gona mai kirki haka ba, har da ɗaura zare don kada mai raunin ido ya wuce rabonsa.

Wa za ta yi wa faɗa? Ta zauna bakin tabarma, ta tambaya ko an rage 'yar ƙwaya.

"Duk mun haɗa mun kai inji, 'yar nan," in ji Iya, tana miƙo mata kwanon taliya da mai da yaji. "Ci ki ji. Wannan ko zafin bana bai taɓa ta ba. Don Allah, baɗi ki ba 'ya'yanmu irinta su shuka."