Sunan da Ke Cikin Rajista

Da kaina nake kai Ummi ƙofar makaranta kullum da safe, kafin in wuce kamfanin fata da nake aiki a Challawa. Shi ya sa da takarda ta zo cewa ta yi fashin kwana goma, kuma za a ba wata gurbinta, na kasa cin abinci. Ina yarinya 'yar shekara shida take zuwa?

Washegari na nemi izini a wurin aiki na tafi. Hedimasta ya buɗe mini rajista, ga shi kuwa ba ta amsa kira ko sau ɗaya ba. Malamar ajinsu, Malama Atika, mai fama da yara tamanin, ta dube ni ta ce, "Malam Uba, sunan wa aka sa mata?"

Na sunkuyar da kai. "Na mahaifiyata."

"Wato a gida ba mai faɗarsa ke nan."

Ta ja mu zuwa aji ta kira, "Safiya Uba!" Shiru. Ta ce, "Ummi!" Sai yara uku suka miƙe, har da tawa.

Malama ta durƙusa a gabanta. "Baba yana jin kunyar sunanki, don na Kaka ne. A nan ni zan riƙa faɗa maimakonsa, kin ji?"

A take ta sa Hedimasta ya soke fashin. Ta sake kira, "Safiya Uba!"

Ummi ta waiwayo ta kalle ni. Na gyaɗa mata kai.

"Na'am, Malama!"